Zango a Bakin Ruwa: Daga Atantane zuwa Tafkin Madarunfa

Atantane ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 8 na gundumar Mayahi, a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, kuma ƙasarta jigawa ce, wato rairayi mai zurfi wanda gero da wake suke so amma ba ya riƙe ruwa. Damina a nan watanni uku ce zuwa huɗu, abin da ke sauka a shekara kuwa yana kai-komo ne a wajen milimita 400, wata shekara ya ɗara, wata shekara ya gaza ƙwarai. Tafkunan da ake gani a gefen garuruwa cikin watan Agusta, inda yara ke wanka, dabbobi ke sha, magina ke ɗibar laka, yawancinsu ba sa kaiwa tsakiyar ɗari sai su koma busasshen taɓo mai tsattsagewa. Gulbin Kaba ma da ya ratsa ƙasar Mayahi ya daɗe da daina gudana a wannan yanki, abin da ke nuna hanyarsa a yau shi ne dogon jerin itatuwan goriba, da kabar da mata ke saƙa tabarmi da ita, da rijiyoyin kwari waɗanda ba su kai na tudu zurfi ba. Saboda haka mutumin Atantane, ko na ƙauyukan Tasawa da ke gabas da ita, idan yana so ya ga ruwa kwance mai faɗi wanda ke kaiwa bazara bai ƙafe ba, sai ya nufi kudu, kuma wanda ya fi suna a jihar duka shi ne tafkin Madarunfa.

A ƙasashen Turai da Amurka, kwana a bakin tafki don hutu sana'a ce mai zaman kanta. Akwai filaye da aka kewaye da shinge, aka rarraba su gida-gida, aka ja famfo da lantarki, aka gina makewayi, baƙo ya biya kuɗin dare ya kafa tantinsa ko ya ajiye motar da yake kwana a ciki, ba tare da ya san sunan maƙwabcinsa ba. Wanda ya zo ƙasar Maraɗi yana neman irin wannan fili zai sha yawo. Sai dai rashin filin haya ba ya nufin mutanen nan ba su san kwanan waje ba, domin kuwa da wuya a sami al'ummar da ta fi Hausawa da Fulani da Buzayen wannan yanki sanin ƙa'idar sauka a inda ba gidan mutum ba. Bambancin shi ne a can kuɗi ke ba baƙo wurin kwana, a nan kuwa mutum ke ba shi, kuma duk wani zaɓi da matafiyi zai yi a bakin tafkin Madarunfa yana komawa ne ga tambaya guda: a hannun wa ya sauka?

Tsohon tsarin shi ne zango, wato wurin da ayari ke yada kaya ya kwana kafin ya ci gaba. Zango ba a tsakiyar gari yake ba, ba kuma a dawa ba. A bayan ganuwa ake yin sa, kusa da rijiya, inda raƙuma da jakai za su sami wurin kiwo, inda matan gari za su iya kawo fura da tuwo na sayarwa, inda kuma idan wani abu ya ɓata akwai wanda za a kai wa ƙara. Madugu, shugaban ayari, shi ne ke zaɓen wurin, shi ke kai gaisuwa ga sarki, a manyan garuruwa kuwa akwai sarkin zango mai lura da baƙi, da fatoma, wato mai masaukin da ke ajiye fatake ya kuma shiga tsakani a cinikinsu. Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo wannan ƙasa ne cikin irin wannan tsari: ya gangaro daga Abzin tare da ayarin gishiri, ya iso Tasawa cikin Janairun 1851, ya wuce ta Gazawa zuwa Katsina da Kano, yayin da abokin tafiyarsa Adolf Overweg ya karkata yamma zuwa Maraɗi da Gobir. Duk da tanti da bindigogin da suke ɗauke da su, ba su sauka inda suka ga dama ba, sai inda masu ayari suka saba sauka. Motoci sun kashe ayarin ƙafa, amma ƙa'idarsa tana nan a bakin mutane, kuma har yau baƙon da ya kwana a bayan gari ba tare da ya gaida mai gari ba, ana yi masa kallon ɓarawon shanu ko mai leƙen asiri.

Hanyar zuwa tafkin kanta ba ta da wuyar ganewa. Daga Atantane ana fitowa Mayahi, daga Mayahi a gangara kudu zuwa Cadawa, inda ake haɗuwa da babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. Wanda ya taso daga Tasawa kuwa, wajen kilomita 120 ne tsakaninsa da Maraɗi, ta Gazawa da Agye da Cadawa ɗin. Abin da ya cancanci kallo a wannan tsakani shi ne yawan itatuwa a cikin gonaki, musamman gawo da kalgo da sabara, waɗanda ba dasa su aka yi ba. Tun daga shekarun 1980 manoman jihar suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato maimakon a tumɓuke kututture lokacin sharar gona, sai a bar masa tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi a riƙa yi musu aski har su zama itace. Ga matafiyi, gawo yana da wani amfani na daban, domin shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, don haka inuwarsa tana samuwa daidai lokacin da ake bukatarta. Illarsa ita ce ƙaya, da kuma awaki da tumakin da ke taruwa ƙarƙashinsa neman 'ya'yansa.

Birnin Maraɗi shi ne wurin da ya kamata a cika guzuri, shi ne kuma darasin farko ga mai niyyar kwana kusa da ruwa. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya fitar daga birninsu a farkon ƙarni na 19 a cikin kwarin gulbi suka kafa sabon mazauni, inda akwai duhuwar itatuwa da ke kare su daga mahaya, garin kuwa ya zauna a nan fiye da shekara 100. A 1945 ambaliyar Gulbin Maraɗi ta cinye tsohon garin, dole aka tayar da shi zuwa kan tudu, inda aka yanka tituna miƙaƙƙu da ake gani yanzu. Gulbin nan yashi ne zalla mafi yawan watannin shekara, mutum ya ratsa shi da ƙafa ko da amalanke, amma da yake daga ƙasar Katsina yake ɗauko ruwansa, yana iya cika ya tumbatsa a daren da ko ɗigo bai sauka a Maraɗi ba. Shi ya sa makiyayin da ya san ƙasar ba ya kwana a cikin kwari da damina, kome laushin yashinsa.

Tafkin Madarunfa yana kudu da Maraɗi da tazarar kilomita 20 da ɗoriya, bayan an wuce lambunan Jiratawa, inda ake noman rani da ruwan rijiyoyin burtsatse, inda kuma zogalen da ake ci a birni yake fitowa da yawa. Gulbin Gabi ne ke zuba masa ruwa daga kudu, a shekarar da ruwa ya yi yawa kuma Gulbin Maraɗi kan taimaka. Idan ya cika yakan kai wajen hekta 800, sa'an nan ya riƙa ja da baya a hankali tun daga kaka har zuwa faɗuwar ruwan sabuwar shekara. Ba tafki ne mai zurfi ba, kuma wannan ne ya sa gaɓarsa ba ta tsaya wuri guda: ragin taƙi ɗaya a zurfi yana iya buɗe fili mai faɗin gaske a gefe. Hukumomin Nijar sun sa tafkin da gandun dajin da ke kusa da shi da kaburburan waliyyai 99 da ake cewa sun kewaye shi cikin jerin wuraren da suke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, tun a 2006. A 2019 kuma aka shigar da shi, tare da tafkin Gidimuni na jihar Damagaram, cikin jerin Ramsar, wato yarjejeniyar kare fadamu da tafkuna da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Waɗannan sunaye suna da daɗin ji a takarda, amma ba su kawo ko rumfa ɗaya ta baƙi ba. Abin da suka ƙara shi ne nauyin da ke kan mai zuwa na kada ya ɓata wurin.

Wurin da idon baƙo ke fara sauka a kai, idan yana neman inda zai shimfiɗa tabarma, shi ne irin tudun nan da ke kutsawa cikin ruwa lokacin da tafki ya fara ja, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku, ya bar masa hanya ɗaya ta shiga. Dalilin sha'awarsa a fili yake, domin iska tana kaɗawa ta ko'ina, ana ganin kwale-kwalen masunta da asuba, ana ganin belbela da zalɓe da kirinjijiya suna sauka, ƙurar gari kuma ba ta isowa. Amma a ƙasar da ruwa yake da tsada irin wannan, babu wani taƙi na gaɓa da ba shi da mai shi ko mai amfani da shi, kuma masu amfanin suna bin juna ne bisa lokaci. Ƙasar da ruwa ya janye daga kanta tana da danshi da taki, don haka manomi yana biye da ruwan yana shuka, yau masara da rogo da dankali, gobe tumatir da albasa, har filin da ya yi kama da wofi a Nuwamba ya zama lambu a Janairu. Inda ƙasa ta yi tauri kuwa, can ne mashaya, wurin da garken shanu ke gangarowa ta burtali, wato hanyar da aka keɓe wa dabbobi tsakanin gonaki, kuma garke ba ya kauce wa tanti. Inda gaɓa ta yi gangare mai kyau, nan masunta ke ɗaure jirage su shanya koma. Wanda ya kafa laima a ɗaya daga cikin waɗannan wurare bai karya shinge ba, amma ya tare wa wani hanyar abinci, kuma dokar ƙasa ba ta bayansa: tsarin dokokin karkara na 1993, da dokar kiwo ta 2010 da ta biyo baya, sun tabbatar wa makiyaya haƙƙin isa ga ruwa, sun kuma hana toshe hanyoyin dabbobi.

Akwai kuma abin da ya shafi jiki. Sauro ya fi yawa a inda ruwa ya kwanta cikin ciyawa, lokacin da tafki ya fi kyan gani kuwa, wato ƙarshen damina zuwa kaka, shi ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da mutane a duk jihar. Sange, wato gidan sauro kamar yadda ake ce masa a Nijar, ya fi tanti muhimmanci a nan, kuma mutanen ƙasar sun daɗe da gane haka, shi ya sa da zafi za a ga sun kafa sanda huɗu a tsakar gida sun ɗaura shi sun kwana a waje. Tantin leda irin na Turawa an yi shi ne don sanyi da ruwan sama, a Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, shigarsa azaba ce. Ruwan tafkin ba na sha ba ne sai an tafasa, wanka a gefen da ke da ciyawa da dodon koɗi kuwa hanya ce ta kamuwa da tsargiya, cutar fitsarin jini da ta zama ruwan dare a garuruwan da ke bakin ruwa kwance. A kan fako da gindin sabara ana tsoron kububuwa da kunama, don haka ake share wurin kwana tun da sauran haske, a kuma zazzage takalmi da safe kafin a sa ƙafa.

Wanda ya nace sai ya kwana yana jin motsin ruwa, hanyarsa ita ce ta masunta. Su ne kaɗai ke da dalilin zama a gaɓa da dare, suna da bukkokin zana da wurin banda, wato inda ake gasa kifi da hayaƙi don ya jure tafiya zuwa kasuwa, suna kuma da shugaba, sarkin ruwa, wanda sarautarsa ta girmi duk wata takardar izini ta gwamnati. Karfasa da tarwaɗa su ne kifin da aka fi kamawa, dillalai kuwa tun da sassafe suke zuwa daga Maraɗi su kwashe. Baƙon da aka gabatar ga sarkin ruwa, ya yi gaisuwa yadda ta kamata, ya ajiye ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa, za a nuna masa inda ƙasa ta bushe, inda ba hanyar shanu ba, a kuma sanar da masu kwana kusa cewa baƙon wane ne. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce katangarsa. Sai dai kada a yi tsammanin hutu irin na mai neman shiru, domin zangon masunta wurin aiki ne, da ƙarnin kifi da hayaƙi da hirar dare, ga tashi tun kafin kiran assalatu.

Mafi yawan waɗanda ke zuwa Madarunfa daga nesa, ciki har da masu tsallakowa daga Najeriya, ba kallon tsuntsaye ke kawo su ba, ziyarar kaburburan waliyyai ce, don addu'a da sadaka da neman biyan bukata. Malamai sun saɓa kan wannan al'ada, kuma Maraɗi gari ne da muhawarar ta yi zafi a cikinsa tun bayan yaɗuwar Izala, amma ko mutum yana yi ko ba ya yi, ya kamata ya san cewa wani sashe na ƙasar da ke kewaye da tafkin abin girmamawa ne ga mutanen wurin. Baƙo ba zai iya bambance tudun da ake tsayawa a yi addu'a da tudun da ba kome ba, don haka hura wuta, ko kiɗa, ko kewayawa a inda ba a tambaya ba, yana iya zama cin fuska ba da niyya ba. Masu ziyarar nan su ne suka riƙe tsohon tsarin sauka ba tare da sun canja shi ba: maza a zaure ko a harabar masallaci, mata a cikin gida wurin matan mai masauki, abinci daga tukunyar gidan, tukuici kuma lokacin sallama. Ba a yanka farashi, amma kowa ya san abin da ya dace, kuma wanda ya tafi hannu rabbana bai bar wa na bayansa ƙofa a buɗe ba.

Gandun dajin gwamnati da ke kusa da tafkin yana da inuwa, yana kuma jan hankalin mai son kaɗaici, amma yana hannun ma'aikatan ruwa da dazuzzuka, kuma saran itace da farauta da sakin wuta laifi ne a cikinsa. Ana shiga da saninsu, a fita kafin duhu.

Batun duhu ya kai ga abin da ba a iya tsallakewa. Gundumar Madarunfa tana kan iyaka da jihar Katsina, kuma dajin Baban Rafi da ke kudu maso yamma da ita, wanda a da giwaye ke shigowa cikinsa daga dazuzzukan Najeriya, yana haɗe da jejin da 'yan bindiga suka mayar mafaka. Tun wajen ƙarshen shekarun 2010 ƙauyukan bakin iyaka, musamman na wajen Gabi, suke fama da satar shanu da sace mutane don neman kuɗin fansa, a 2019 kuma dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi. Garin Madarunfa hedkwatar gunduma ce, akwai jandarmomi da hukuma, jama'a kuma suna harkokinsu, amma tanti guda a keɓe, da mota a gefe da fitila tana ci, talla ce ga wanda bai kamata ya gani ba. Hali yana sauyawa daga wata zuwa wata, don haka labarin da ya fi inganci shi ne na direbobin tasha da na mai gari a ranar da aka iso, ba wanda aka ji bara ba. Baƙon da ba ɗan ƙasa ba kuwa, gabatar da kansa ga hukuma tilas ne.

Idan aka duba sauran ƙasar Hausa, za a ga an taɓa gwada gina wurin hutu na zamani a bakin ruwa, kuma sakamakon abin nazari ne. A zamanin Audu Bako, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, an gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, aka kafa otal a bakin kowannensu, na Bagauda da ɗakuna masu siffar bukka, na Tiga a kan dutse yana kallon ruwa. Sun yi tashe na ɗan lokaci, daga baya baƙi suka ja baya, gyara ya gagara, har otal ɗin Bagauda ya koma harabar makarantar horar da lauyoyi. Ba ruwan ne ya gaza ba, lissafin ne bai fita ba, domin babban gini yana cin kuɗi kullum, masu zuwa hutu kuwa sai ranar salla da ƙarshen mako. A gabas kuma akwai darasi na biyu. Baga, a jihar Barno, gari ne da ya bunƙasa a bakin tafkin Cadi, Hausawa masunta da 'yan kasuwar banda suka cika shi, amma tafkin da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, har gaɓa ta yi wa garin nisa, sai da aka koma bin ruwan da jirage ta mashigi. Duk wanda zai zuba siminti a bakin tafkin Sahel, ya kamata ya fara tambayar inda ruwan zai kasance bayan shekara 20.

Tambayar ta shafi Madarunfa kai tsaye. Ƙasar da ruwa ke kwasowa daga gonaki da wuraren da aka sare itatuwa tana taruwa a gindin tafkin kowace shekara, tana rage masa zurfi, ƙarancin zurfi kuwa yana sa rana ta fi saurin shanye shi. Ruwan Gulbin Maraɗi ma ba kamar da ba ne, tun da aka gina madatsar Jibiya a kan kogin Gada, wanda shi ne sunan gulbin a ɓangaren Najeriya, a farkon shekarun 1990. Ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka ratsa iyakarsu, wannan gulbi yana ciki, amma manomin kwarin Maraɗi yana auna yarjejeniya ne da abin da ya gani ya iso gonarsa. Ana kuma aikin layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, kuma idan ya kammala zai kusanto da tafkin ga miliyoyin mutanen Kano da Katsina. Ƙaramin ruwa irin wannan ba zai ɗauki taron da ba a shirya masa ba.

Ga mutumin Atantane da abin da yake so shi ne kwana a sarari ƙarƙashin taurari, ba lallai sai ruwa ba, arewa ta fi kusa da bukatarsa. Bayan an haye kwarin Tarka an shiga ƙasar makiyaya, inda dokar 1961 ta ja iyakar noma, akwai gandun namun daji na Gadabeji mai faɗin hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955, UNESCO ta amince da shi a 2017, aka kuma mayar da raƙuman dawa 8 cikinsa a 2018 daga yankin Kure na kusa da Yamai. Can sauro kaɗan ne da rani, ƙasa a buɗe take, amma ruwan sha sai wanda aka ɗauko, shiga kuma sai da ma'aikatan gandun, kuma ƙa'idar ba ta canja ba: ana sauka ne kusa da rugar da aka yi wa sallama.

Lokacin da ya fi dacewa da Madarunfa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da sauro ya ragu, hanya ta bushe, tafki bai ja da nisa ba, tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai kuma suna nan. Sai dai a zo da bargo, domin hunturu a bakin ruwa yana shiga ƙashi, hazo kuma wata rana yakan rufe ɗaya gaɓar gaba ɗaya. Tsarin da ya fi hankali shi ne a wuni a bakin tafki, a ci kifi, a shiga jirgi idan masunta sun yarda, sa'an nan a kwana a cikin gari wurin mai masauki, ko a koma Maraɗi inda akwai otal-otal da gidajen baƙi, tunda tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba. Kwana a gaɓa na wanda ke da mai masauki a cikin masunta ne, a shekarar da ƙasa ta kwanta.

Abin da wurin ya rasa ba babban otal ba ne. Fili ne ɗan madaidaici a kan tudu, sama da inda ruwa ke kaiwa a shekarar ambaliya, nesa da burtali da kaburbura, da rijiya ko famfo, da makewayi na maza da na mata, da rumfunan zana da za a iya sabuntawa kowace kaka, da mai gadi ɗan garin. Ƙaramar hukumar Madarunfa da sarakunan gargajiya da masunta za su iya tsayar da irin wannan da kuɗin da bai kai na ginin ɗakin taro ɗaya ba, kuma 'yan makaranta daga Mayahi da Tasawa, waɗanda da yawansu ba su taɓa ganin kwale-kwale a kan ruwa ba, su ne za su fara cin moriyarsa.